Azurfar da Ta Yi Yawa

Akwai wani mutum, gwani ne wajen yin ƙashin tangaran. Idan ƙashin mutum ya ragargaje har ɗori ya gagara, likitoci sukan cike gurbin da abin da mutumin nan ya gasa, sai ƙashin jiki ya tsiro ya kama shi, su zama ɗaya. Kafin ya gasa, yakan barbaɗa garin azurfa a cikin kwaɓin, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, gama azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta, ba ta barin ciwo ya yi ruwa.

Ana nan sai ɗansa tilo, Barnaba, ya faɗi da babur, ƙafarsa ta farfashe. Uban ya zauna kwaɓa na ɗansa. Ya zuba azurfa yadda ya saba. Ya duba, ya ƙara. Ya sake ƙarawa.

Matarsa ta ce, "Baban Barnaba, haka kake zuba wa 'ya'yan mutane?"

Ya ce, "Wannan nawa ne. Ba cutar da za ta kusance shi."

Aka yi aiki. Ciwon kuwa bai yi ruwa ba ko kaɗan, amma ƙashi ya ƙi kamawa. Azurfar ta kashe cuta, ta kuma kashe naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Daga baya dole aka yanke ƙafar.

Da Barnaba ya farfaɗo, ya ce, "Baba, wanda ka yi wa makwabcinmu ya kama, har noma yake yi. Ni me ya sa nawa bai kama ba?" Uban ya juya fuska ga bango, ya yi kuka.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwana iyaye, ita ce: azurfar tsawatarwa ce da tsaro. Kaɗan daga ciki yana kare yaro, ba a raina shi. Ni ma uwa ce, yarana ba sa fita gabana bai faɗi ba. Amma tsoro ba ya iya awo. Kar ka je, kar ka taɓa, wa ka gaisar a hanya, har yaro ya daina gaya mana komai, ya ƙi kamuwa da mu, ya ƙi kamuwa da Ubangiji.

In hannunki ya kai ga ƙari, ki dakata, ki yi addu'a, ki bar wa Allah sauran. Ba cuta ce ta ci ƙafar Barnaba ba.