Rumbun Marasa Ƙarfi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata shekara bayan kaka, namun daji suka taru ana musu. Raƙumin Dawa ya ce, "Kowa ya ci guminsa. Wanda bai noma ba, yunwa ta koya masa hankali."

Kurege ya yi tsalle ya ce, "Haba dogo, ina tausayi? Kowa ya kawo dami ɗaya, a gina rumbun marasa ƙarfi."

Aka yi ta ja har maganar Kurege ta yi rinjaye. Raƙumin Dawa ya ce tunda an kayar da shi, shi zai yi ginin kyauta. Ya gina rumbu, ya sa bakin rumbun can sama daidai wuyansa, wai saboda ɓarayi. Kowa ya kawo daminsa, har Kunkuru, wanda dami biyu kacal ya noma.

Da bazara ta yi tsanani, Kunkuru ya jawo jiki ya zo. Ya tarar Raƙumin Dawa ya zura kai ciki, wai yana duba ko gara ta shiga.

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, yunwa ce ta kawo ni."

Raƙumin Dawa ya ce, "Ai naku ne, ɗiba. Wa ya hana ka?"

Kunkuru ya ɗaga kai har wuyansa ya ƙage, sai ya shiga kiran Kurege ya zo ya ga zalunci. Can sai ga Kurege ya leƙo daga cikin rumbun, kumatu cike da gero, ya ce, "Yi haƙuri, baba, matsalarka muke tattaunawa."

Ƙurunƙus kan kusu, mai musu ya je ya tambayi Kunkuru.