Dattijon da Ya Ƙi Sakin Tsanin Rumbu

A wani ƙauye an yi wani manomi, ƙaƙƙarfa a zamaninsa. A gidansa kuwa, kamar yadda ya gada, maigida kaɗai ke hawa rumbu ya ɗebo hatsi. Mace ba ta leƙawa, ɗa ba ya leƙawa.

Da shekaru suka ja, sai ya ga rigarsa ta zuwa sujada ta fara sharar ƙasa. Ya san riga ba ta girma, shi ne yake raguwa. Bayansa ya soma ranƙwafawa, ko tari ya yi sai ƙugunsa ya amsa. Amma ya miƙa wa matarsa rigar ya ce, "Ke, rage mini wannan, tela ne ya cika mata tsawo."

Matar ta ce, "Maigida, telan nan ai ya daɗe da rasuwa. Mu je asibiti a duba ƙasusuwanka mana. Yayata ma haka ta fara."

Ya ce, "Haba! Wannan ai ciwon tsofaffin mata ne."

Tsoro ne fa ya sa shi faɗin haka. In likita ya hana shi hawa, babban ɗansa ne zai hau, ranar da ɗa ya hau rumbu kuwa, kowa ya san gida ya bar hannun uba. Don haka ya ci gaba da kama tsani, yana waige-waige kada wani ya ga ƙafarsa na rawa.

Ran nan da hantsi ya ɗebo damin gero, ya sauko lafiya lau har mataki na ƙarshe. Ba daga sama ya faɗo ba, jama'a! Ɗan dirowa kawai ya yi, irin wanda yara ke yi suna dariya. Sai ji kake ƙas! Ya zube, ya kasa tashi.

A asibiti likita ya duba hoton kwatangwalonsa ya ce, "Baba, ƙashin nan ya daɗe yana zaizayewa daga ciki, kamar azarar da gara ta cinye. Ciwon nan, maza ma yana kama su. Da kun zo da wuri, akwai magani."

Dattijon ya riƙe hannun likita, ya ce, "Zan sake takawa?"

Likita ya ce, "Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu."

Da aka mai da shi gida, yana kwance a ɗaki ya ji an jingina tsani, ya ji ɗansa yana hawa. Ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ƙashin nan bangaskiyarmu ce. Ba rana ɗaya take karyewa ba. Addu'a ta ragu, zumunci ya ragu, mutum ya sani sarai, amma yana tsoron kada a ce dattijon ikkilisiya ya raunana, sai ya yi shiru. Daga nan ƙaramar jarraba ta zo ta kayar da shi, kowa ya riƙe baki.

Ku iyayenmu maza, jikin nan ma Ubangiji ne ya ba ku amana. In tsawonku na raguwa, in baya na ciwo, ku je a duba ku. Raunin da kuke ɓoyewa a zuciya kuwa, ku faɗa wa Ubangiji, ku faɗa wa ɗan'uwa, tun kuna tsaye da ƙafafunku.