Kura da Taswira Mai Magana

Ga ta nan tafe, ga ta a gabanku!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Wata shekara waya ta shigo daji. Kowa ya samu tasa. Kura kuwa ta ƙwace ta Biri, babba mai faɗin faranti, da taswira a ciki wadda ke magana da muryar mace.

Da can Kura da hanci take farauta. Yanzu sai ta kishingiɗa a inuwa, ta latsa waya. Dabbobi kuma, masu basira, kowa ya je wuri sai ya ɗauki hoto ya sanar da duniya. Gada ta sa hotonta, ta rubuta, "Ga ni a bakin rafi, ni kaɗai, ina shan iska."

Kura ta ce, "Waya, kai ni bakin rafi."

Waya ta kai ta. Gada ba ta ƙara shan iska ba.

Ran nan Zomanya ta zo wurin maƙwabciyarta Bushiya tana kuka. Ta ce, "Ƙawata, na shiga uku! Ranar suna na sa hoton 'ya'yana da ƙofar raminmu. Yau Kura ta rubuto a ƙasa, wai Allah ya raya, tana nan zuwa barka."

Bushiya ta ce, "Share hawayenki. Taswirar nan ba ta da hanci, ba ta da ido. Abin da aka rubuta mata shi take faɗa."

Bushiya ta buɗe taswira, ta nemi wata kuka mai amya, ta sa wa wurin suna Mahautar Daji, nama kyauta. Dabbobi suka yi ta rubuta yabo a ƙasa. Har Kunkuru, wanda bai taɓa ɗanɗana nama ba, ya rantse tsiren wurin babu kamarsa.

Kura ta tashi zuwa barka, sai yunwa ta kama ta a hanya. Ta ce, "Waya, ina nama mafi kusa?"

Waya ta ce, "Mahautar Daji. Miƙe, miƙe, juya dama, kin kusa."

Hanci ya ce, "Uwar ɗakina, zuma nake ji."

Kura ta ce, "Rufe min baki, baƙauye! Kai ka fi waya sani?"

Waya ta ce, "Kin iso." Kura ta zura kai cikin amya. Ƙudan zuma suka yi mata maraba, suka yi mata sannu, suka raka ta har gida.

Da kumburi ya ɗan saɓe, ta je ta tsare Bushiya. Ta ce, "Ke 'yar ƙaya, an ce kin iya waya. Me ya sami tawa?"

Bushiya ta durƙusa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, manhajarki ce ta tsufa. Kawo in sabunta miki." Ta karɓa, ta hura, ta goge da gefen zane, ta miƙa mata. "Yanzu nemi Asibitin Jakuna. An ce duk a kwance suke, ba mai iya harbi."

Yawu ya zubo wa Kura. Waya ta ce, "Miƙe, miƙe, juya dama, kin kusa."

Ido ya ce, "Uwar ɗakina, rijiya ce a gaba."

Kura ta ce, "Kai ma ka fara? Taswira ta ce titi ne!"

Zundum! Ta wuni tana shan ruwan da ba ta roƙa ba, sai da ƙyar ta tattako ta fito.

Ta koma wurin Bushiya jiƙe sharkaf. Ta ce, "Yau ke zan ci, da ƙayar da komai."

Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, ni loma ɗaya ce. Dubi nan. Garken tumaki, makiyayi ya yi tafiya, ba kare, ba sanda."

Kura ta ce, "In ƙarya ce fa?"

Bushiya ta ce, "Haba, a rubuce fa yake."

Kura ta ce, "Haka ne kuma."

Miƙe, miƙe, juya dama, kin kusa.

Hanci ya ce, "Karnuka!" Ido ya ce, "Fatun kuraye a kan danga!" Kunne ya ce, "Ana wasa wuƙa!"

Kura ta ce, "'Yan baƙin ciki!"

Waya ta ce, "Kin iso."

Ashe gidan Ɗanliti maharbi ne, yana zaune da abokansa. Ɗanliti ya ɗaga kai ya ce, "Ikon Allah! Jama'a, yau farauta ce ta yi sallama."

Karnuka suka taso. Gora ta sauka a ƙugun Kura, tim! Ta zuba a guje tana ihu, "Waya, hanyar gida! Hanyar gida!"

Waya ta ce, "Babu sabis."

Hancin nan da ta zaga, shi ya ja ta har rami. Ba ta sake bi ta unguwar Zomanya ba, 'yan zomaye suka girma lafiya. Shi ya sa har yau kuke ganin ƙugun kura a sauke, tana tafiya hanci a ƙasa tana ba shi haƙuri.

Ku tambayi waya hanya, amma ku tafi da idonku da hancinku.

Ƙurunƙus kan ƙadangare! Ba don yanar gizo ba, da kun ce ƙarya na shara muku.