Barau Mai Hula Huɗu

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, yau ku ne alƙalai.

A wani kamfanin sabulu a Kaduna akwai wani makanike, Barau. Shekara goma sha bakwai yana kwanciya ƙarƙashin injina, amma ko shugaban masu shara ba a taɓa ba shi ba. Duk kujerar da ke da fanka a samanta, ta farar fata ce. Rannan sai mai kamfanin, wata Baturiya da ke zaune a ƙasarsu, ta aiko da doka: dole a ga baƙaƙen fata na ƙabilu daban-daban cikin shugabanni.

Manajan, wani Bature ɗan duniya, bai ɗaga kowa ba. Ya kira Barau ofis, aka ɗauke shi hoto da zanna-bukar, aka sake da malafa, aka sake da jar hular Ibo, aka ƙare da ta Yarbawa. Ya aika mata, wai ga sababbin shugabanni huɗu. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka kalanda za a buga, har washe baki yake.

Da shugaban sashen injina ya yi ritaya, sai aka ba wani Ba'indiye, Rajan. Barau ya rubuta ƙorafi cewa launin fatarsa ne ya hana shi. Amsar da ya samu ita ce takardar kora, ga 'ya'ya bakwai a gida. Wallahi har yau abin yana ba ni haushi.

To, mutum uku suka tsaya masa. Nkechi sakatariya ce manaja ya umarta ta goge hotunan. Ta ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ashe ta wanke su ta cusa a jakarta, ta kai wa Barau. Ba don ita ba, babu hujja.

Lasisi direba aka aika ya ɗauko Baturiyar daga filin jirgi da ta zo rangadi, aka gargaɗe shi kada ya tsaya ko'ina. Tsohon nan ya zagaya da ita lungu-lungu, motar ta "mutu" daidai ƙofar gidan Barau, alhali shi ya zare waya. Barau ya fito ya gyara, ya miƙa mata hotunan. Ba don Lasisi ba, ko ƙurar motarta ba zai gani ba.

A wurin taron da ta kira, manaja ya rantse cewa 'yan huɗu ne uwarsu ta haifa, kuma Barau ne daƙiƙin cikinsu. Baturiya ta fara gyaɗa kai. Sai Rajan ya miƙe ya ce, "Madam, wata uku ke nan ko injin zan tayar sai na buga wa Barau waya. Kujerarsa ce, ku ba shi." Ba don shi ba, da ƙarya ta ci.

Aka kori manaja, aka ba Barau kujera. Sai dai mugun, kafin ya tattara komatsansa, ya riga ya sallami Nkechi da Lasisi, Rajan kuma ya sauka da bakinsa. Baturiya ta ce guri ɗaya kawai ya rage, Barau ya zaɓa. Ga su can su uku a benci a ƙofar ofishinsa, kowa da iyali, shi kuma gumi yake yi a ƙarƙashin fanka.

To, jama'a, wa Barau zai kira ya shigo?