Gam ɗin da Bai Bushe Ba

Munzali ma'aikaci ne a wani shagon kayan farauta da ke Al-Oud, a birnin Riyadh. Yana da hannu, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, sai dai Allah ya jarrabe shi da gaggawa da son a yabe shi. Ba abin da ke masa daɗi kamar ya ji wani Balarabe ya ce ba a taɓa ganin mai sauri irinsa ba. Wanda ya samo masa aikin shi ne Isiyaku, ɗan garinsu, direban mai shagon. Isiyaku ya daɗe a ƙarƙashin wannan kafili, wato maigidan da ya tsaya masa a kan takardun zama, a nan ya ajiye matarsa Zuhura, a nan aka haifi 'yarsu Khairat, kuma zamansu duka a ƙasar ya rataya ne a kan yardar mutumin nan.

Aikin Munzali shi ne ɗaura madubin saiti da tocila a kan layin ƙarfen da ke bisa bindiga. Ƙananan notuna ne ke riƙe su, kuma duk harbin da aka yi sai bindiga ta girgiza, notin ya riƙa kwancewa a hankali. Maganin abin wani gam ne shuɗi a 'yar kwalba. Ana goge maiƙon da ke jikin noti tas, a ɗiga masa gam, a ɗaure, sannan a bar bindigar ta kwana don ya bushe. Wannan kwanan shi ne Munzali ya tsana. Ba ya goge maiƙo, ba ya jira. Sai ya ɗiga, ya murɗa, ya miƙa wa mai kaya yana murmushi.

Isiyaku ya taɓa ja masa kunne, domin shi ne ke tuƙa kafilin zuwa sahara farauta, ya san irin jijjigar da mota ke sha a hanyar. Munzali ya ce masa kowa ya tsaya a sana'arsa, shi bai taɓa koya wa Yaya Isiyaku yadda ake taka birki ba.

Wata rana kafilin ya kawo tasa bindigar da sabon madubi, ya ce a ɗaura, gobe zai karɓa. Kafin ya gama shan gahawa Munzali ya ajiye masa ita a gaba.

"Khalas, mudir," in ji Munzali, wato an gama, maigida. "Mutane irina ba sa cewa gobe."

Kafilin ya tambaye shi ko ba sai ta kwana ba, Munzali ya rantse masa cewa gam ya riga ya kama. Da jin haka mutumin ya fasa jira, ya kira Isiyaku ya fito da mota, suka nufi sahara da abokansa da karensa na farauta, wani siririn kare da yake ji da shi fiye da yadda yake ji da yawancin ma'aikatansa.

Kafin su isa, hanya ta gama aikinta. Gam bai bushe ba, ga maiƙo a ƙarƙashinsa, madubin ya karkace ba wanda ya lura. Zomo ya tashi, karen ya bi shi, kafilin ya saita ya harba. Zomon ya shige ciyawa, karen ya faɗi yana shure-shure, bai ƙara tashi ba.

Da suka dawo, kafilin ya tara Munzali da Isiyaku a shago, ya girgiza madubin a gabansu yana ta motsi kamar haƙorin tsoho. Nan ne Munzali ya nuna ainihin halinsa. Ya ce shi aikinsa lafiya ya fita daga hannunsa, amma kowa ya san yadda direba ke jefa bindigogi a bayan mota, ya ɗora musu tanti da tukwane. Isiyaku ya juyo ya kalle shi, ya ce da Hausa, a hankali:

"Munzali, ka ji tsoron Allah. Ina da iyali a garin nan."

Munzali ya kawar da kai, ya ce wa kafilin wai Isiyaku haƙuri yake bayarwa.

Ba a yi wani bincike ba. Mai fushi neman wanda zai huce a kansa yake, kuma direba ya fi mai gyaran bindiga sauƙin samu. Aka yi wa Isiyaku huruj, wato fita ba dawowa, shi da iyalinsa. Zuhura ta baje kayan ɗakinta a gidansu na Al-Jaradiya tana sayarwa a wulaƙance. Abin da ya fi ƙona min rai a labarin nan shi ne Munzali ya je gidan, ba don ban haƙuri ba, sai don ya taya na'urar sanyaya ɗakinsu. Ya saye ta da arha, ya sa aka cire ta a gaban Khairat, wadda ke ta tambayar uwarta da Larabci ina za su.

To, hali zanen dutse. Munzali ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba. Sabon direban da aka ɗauka, saboda tsoro, nannaɗe bindigogi yake da bargo kamar yana ɗauke da ƙwai, amma duk da haka madubin ya sake kwancewa. Masu saye ma suka fara dawowa da irin wannan ƙorafi. Kafilin ya ɗauki sukudireba da kansa ya kwance noti ɗaya, ya shafa shi a farar rigarsa. Maiƙo ne ya fito, haɗe da gam ɗin da bai taɓa kamawa ba. Bai yi faɗa ba, ya dai ce Munzali ya haɗa kayansa. Da wani ya tuna masa da Isiyaku, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce abin da ya wuce ya wuce, ai ya riga ya yi sabon direba.

Al'adar Hausawan Riyadh ce in mutum zai koma gida a cika shi da saƙo, wannan ya kawo dabino, wancan turare, wani atamfa ta uwarsa. Munzali ya zagaya ya yi sallama, ba wanda ya ba shi ko ƙwayar dabino ya kai. A filin jirgi, da 'yar jakarsa shafal, tsoron haɗuwa da Isiyaku a gida ya kama shi, ya kira lambarsa don ya fara neman gafara tun daga nesa. Khairat ce ta ɗauka. Ta gane muryarsa, ta hau murna, domin ba wanda ya gaya mata abin da ya yi.

"Baffa Munzali, kai ne? Makarantar nan ba na jin abin da suke faɗa. Ka ce wa mudir ya yi haƙuri. Yaushe za mu dawo gida?"

Munzali ya kashe wayar.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, aikin da aka ce a bar shi ya kwana, a bar shi ya kwana, domin gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma sau da yawa ba mai gaggawar ne ke fara shan wahalarta ba. In kuwa kuskure ya riga ya auku, mutum ya ɗauki kayansa da kansa, kada ya ɗora wa wanda ya yi masa rana. Gaskiya takan fito, amma ba kullum take mayar wa wanda aka zalunta abin da ya rasa ba. Alhaki kuma kwikwiyo ne, mai shi yake bi.