Jinin Dutse a Baki

Gilmer Chauca saurayi ne mai kaifin basira, kuma ya san da haka, wanda shi ne ciwonsa. A kamfanin takalma da yake aiki a Trujillo, birnin da ke bakin teku, shi ke tsara wa kowa jadawali. Idan ya zana abu a takarda, to a wurinsa an gama, ko duniya ta yarda ko kada ta yarda.

A watan Satumba gwaggonsa Teodosia ta aiko daga ƙauyensu na Ancopuquio cewa ranar Asabar za a yi gayyar share magudanar ruwa. Kowane gida zai kawo namiji ɗaya da shebur, a yanka masa rabonsa. Gidan da bai gama rabonsa ba, shi ne na ƙarshe a layin ban ruwa na shekarar. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta mata ne kuma suna nesa. Don haka ta kira ƙanenta Eusebio, mahaifin Gilmer.

Gilmer ya samu hutun kwana huɗu kacal, Alhamis zuwa Lahadi. Shekara biyu yana mafarkin tsallake dutsen da ke tsakanin Huaraz, wani gari na cikin tsaunuka, da ƙauyen a kan keke, da tanti da tukunya ɗaure a baya. Sai ya ga dama ta zo. Ya buɗe taswira a wayarsa, ya lissafa: su sauka daga mota a Huaraz da safiyar Alhamis, su hau kekuna nan take, su kwana a hanya, su tsallake mashigin dutsen ranar Juma'a, su shiga ƙauye kafin rana ta faɗi.

Baba Eusebio, wanda ya shekara talatin yana zuwa aiki a kan keke, ya duba tsarin ya tambayi ina ranar hutu. Ya ce duk wanda ya taso daga bakin teku sai ya yini guda a Huaraz yana zaune, jiki ya saba da ƙarancin iska, kafin ya ƙara hawa. Ya ba da shawarar su shiga mota har ƙauye, su yi gayya, sannan ranar Lahadi su ɗan zaga da kekunan. Taura biyu, in ji shi, ba ta taunuwa.

"Baba, wannan ai dokar baƙi ce," in ji Gilmer. "Mu jinin dutse ne. Ko dai tsufa ne ya fara magana?"

"Ni aka haifa a dutse. Kai a asibitin bakin teku aka haife ka, kana jin ƙarnin kifi."

Suka yi dariya. Amma Gilmer ya ce ko shi kaɗai zai tafi, kuma tsohon ba zai iya barin ɗansa ya hau wannan hanya shi ɗaya ba. Ga kuma ƴar zuga da ta shigi tsohon. Haka aka ɗora kekuna biyu a mota.

A Huaraz suka tsaya karin kumallo wurin wata mai sayar da kunun kinwa, wani hatsin ƙasar, a bakin tasha. Ta dubi jakunkunan da ke jikin kekunan, ta tambayi yaushe suka hawo. Da ta ji yanzun nan ne, kuma yau za su wuce, sai ta ƙara wa Gilmer shayin ganyen koka, wanda ake sha don wahalar tsauni, ba tare da ya nema ba.

"Sha, ɗan birni. Dutse ba ya tambayar sunan kakanka."

Gilmer ya ce mata ya karanta komai game da ciwon tsauni, har ya san adadin bugun zuciyarsa. Ta ce madalla, sai ya karanta wa dutsen.

Ranar farko ta tafi yadda ya zana, har ya riƙa waiwayowa yana tsokanar mahaifinsa da ke tafe a baya, yana taka feda a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai. Kansa ya fara sara da la'asar, bai faɗa ba. Da suka kafa tanti a gefen wani tafki, ya kasa cin taliyar da suka dafa, ya ce gishiri ne ya yi yawa. Tsohon ya dube shi, ya ce gobe idan kan bai sake shi ba su juya. Gilmer ya ce wane kai?

Da safiyar Juma'a ya tashi fuska a kumbure. Duk da haka shi ya fara hawa keke. Hanyar ta koma tsakuwa, tana nannaɗewa sama. Tun yana takawa har ya sauka yana turawa. Kafin azahar yana yin taku goma ya tsaya. Ya yi amai sau biyu. Mashigin yana gabansu, ana ganinsa ƙuru-ƙuru, bai fi tafiyar awa ɗaya ba ga mai lafiya. Daga can kuwa gangara ce har ƙofar gwaggonsa.

Sai tari ya kama shi, ƙirjinsa yana ƙara kamar ruwa a tulu. Baba Eusebio ya sa shi ya yi tafiya a miƙe a kan layin taya. Ya kasa, yana tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu. Leɓɓansa sun yi shuɗi.

Gilmer ya roƙi mahaifinsa ya wuce shi kaɗai, ya ce zai zauna nan ya huta, gobe ya biyo baya. Ya tuna masa ruwan gwaggo.

"Masara ana sake shuka ta," in ji tsohon. "Juya keken."

Ba a samun waya a wurin. Suka gangaro ta inda suka fito, uban yana riƙe da kekuna biyu a wuraren da hanya ta yi muni, ɗan yana dafe da kafaɗarsa. Da yamma suka kai wani ƙaramin asibitin ƙauye, aka sa wa Gilmer iska a hanci. Ma'aikaciyar asibitin ta ce da sun tsallaka, da wataƙila a kan jaki za a sauko da shi, a kwance. Motar da ke zagaya dutsen zuwa Ancopuquio kuwa sai ta tsakar ranar Asabar.

Sun isa ana kiɗa. An gama gayya, ruwa yana gudu a magudana, maza suna cin nama da dankali a gefe, sheburansu a jingine. Gwaggo Teodosia tana zaune a kan dutse, zanenta duk laka. Da ta ga ba kowa da safe, ita ta ɗauki shebur, tana da shekara sittin da takwas, ga ciwon gwiwa. Ta share rabin rabonsu kafin ƙafa ta ƙi. Maƙwabta suka ƙarasa don ruwa ya wuce, amma alƙalin ruwa, mai tsara layin ban ruwa, ya ce doka doka ce, shi ma ba da son ransa ba. Gidan Chauca ya koma ƙarshen layi. Ruwa ba zai zo gonarta ba sai Nuwamba, kuma masarar da aka shuka a lokacin, sanyi ke ƙone ta kafin ta nuna.

Gilmer ya fara bayani, har da ciro waya zai nuna mata taswira. Ta ture wayar, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana duba idanunsa, ta tambayi ƙanenta ko yaron ya ci abinci. Ta zuba masa romo, ta jira ya shanye. Sannan ta kai shi bayan gida inda gonar take a kafce, ƙasa busasshiya tana jiran ruwa, ta ɗauko buhun irin da ta ware tun kaka.

"Ka kai wa uwarka ta dafa," ta ce. "Bana ba shi da wurin kwana a nan."

Ya karɓa. Ya saɓa buhun a kafaɗa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Idan lokaci ya yi maka kaɗan, rage buri, kada ka rage abin da ke tsare lafiyarka da amanar da aka ɗora maka. Ranar hutun da Gilmer ya goge don tana cin wuri a takarda, ita ce ke riƙe da sauran ranakun. Ilimi abu ne mai kyau, tsari ma haka, amma mai tsari na gaskiya yana fara tambayar waɗanda suka taka hanyar, kuma yana tuna cewa idan lissafinsa ya karye, sau da yawa wani ne daban, wanda bai ji ba bai gani ba, zai kwana da asarar.