Alamun Magina a Katangar Sarki Amori

An yi wani sarki a wata nahiya ta ƙasar Faransa, sunansa Amori, wanda ya gaji tsohon gidan yaƙi na dutse a kan tsauni, mai hasumiya huɗu, da ya tsare mutanen garin daga mahara shekara ɗari uku. Da zaman lafiya ya daɗe, sai wazirinsa Rono, mutum mai zaƙin baki da ƙarancin kunya, ya ba shi shawara a rushe ginin, a kwashe duwatsun a yi masa gidan shaƙatawa a bakin kogi. Sarki ya amince, kafin mako ya zagayo an cire dutse arba'in.

Akwai wani tsohon magini, Odilon, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen liƙe tsagar katangar. Da ya ga amalanke na gangarowa da duwatsun, ransa ya ɓaci, ya nufi fada ko rigar kirki bai sa ba. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙarar ɓarawo na kawo, ɓarawon kuwa da umarninka yake sata."

Waziri ya ce a ɗaure shi. Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Dattijo, gidan kakannina ne. Nuna mini dutse ɗaya tak da ba nawa ba, in fasa. Idan ka kasa, da hannunka za ka rushe sauran."

Washegari Odilon ya kai sarki gindin katanga, jama'ar gari na biye. Ya kankare gansakuka daga wani dutse, sai ga siffar kifi a sassaƙe, domin al'adar magina ce a can kowa ya sassaƙa alamar gidansu a dutsen da ya fasa. Ya tambaya, "Kifi na wa ne?" Wata mai gasa burodi ta fito, ga kifin nan a kan burodinta. Aka ga mabuɗi, maƙeri ya fito. Aka ga tauraro, makiyayi ya fito, haka har katanga ta cika da magada.

Odilon ya ce, "Ranka ya daɗe, kakanka baki kawai ya buɗe, kakannin waɗannan suka fasa dutse, wasunsu a ƙarƙashinsa suka mutu. Shekara hamsin ina shafa katangar nan ban ga alamar gidanku ba, balle ta waziri."

Kunya ta kama sarki, fushinsa ya koma kan waziri. Ya yi hukunci Rono ya ɗauki duwatsun nan arba'in a kansa ya mayar da su bisa tsauni, ɗaya bayan ɗaya, Odilon na nuna masa mazaunin kowanne. Sannan ya yi wa tsohon alkyabba, ya naɗa shi majiɓincin ginin, ya sa aka rubuta doka kada a sake taɓa ko tsakuwa.

Masu hikima suka ce, adalci ba ya tsayawa a bakin kabari. Sarkin da ya ci amanar matattu, masu rai su yi hattara da shi.